Fada Kukah da littafin sunayen da Adar ba ta rubuta ba

Daga Tawa zuwa Sakkwato, in ka bi ta Ƙonni ka ƙetara Illelar Najeriya, kilomita 200 ne da ƴan kai. Zuwa Yamai kuwa sai ka haura 500. Duk da haka, tambayi matashin Tawa sunan ministoci biyar na Yamai zai jero maka su, amma ka ce ya faɗi mutum biyar da ake sauraren maganarsu a Sakkwato, bayan Sarkin Musulmi sai ya fara sosa ƙeya. To a Sakkwaton nan, birnin Shehu, akwai wani limamin Kirista da ya kusa shekara 50 yana wa'azi, kuma babu shugaban Najeriya na wannan zamani da bai ji zafin bakinsa ba. Sunansa Matthew Hassan Kukah. Makonnin nan na zauna da tarihinsa da littattafansa biyu, da ɗan Ingilishin wanda ya yi boko da Faransanci, ƙamus a gefe, kuma akwai abin da na tsinta da nake so mu tattauna, don ya shafi Adar kai tsaye.

Na san wani zai ce, kai da kake Musulmi mi ya kai ka karatun rayuwar limamin coci? Amsata gajera ce. Tun 1950 asibitin Galmi yake nan cikin jiharmu, ƴan mishan sunka kafa shi, kuma babu gidan da ba a taɓa kai wani nasa can ba. Ban taɓa jin wanda ya ce imaninsa ya ragu don an yi wa uwarsa aiki a Galmi ba. In jiki ya iya amfana da hannun maƙwabci, hankali ma zai iya. Karanta tarihin mutum daban, bin alƙiblarsa daban.

An haife shi ranar 31 ga Agusta 1952 a Anchuna, ƙauyen Ikulu cikin ƙasar Zangon Kataf, kudancin Kaduna. An naɗa shi limamin Katolika a Disamba 1976, yana ɗan shekara 24. Daga nan Hausawan Najeriya ke ce masa Fada Kukah, don haka suke kiran limaman wagga ɗarika (ba fadarmu ta shayi da bukiti ba, kodayake shi ma wurin zance ba a bar shi baya ba). Ya yi karatun sasanta rikici a jami'ar Bradford ta Ingila, ya yi digirin dakta a Landan, ya riƙe ofishin babban magatakardan cocin Katolika na Najeriya a shekarun mulkin soja. A 2011 anka naɗa shi Bishop na Sakkwato, wato jagoran ƴan tsirarun mabiya a tsakiyar daular Usmaniyya. Littafinsa na 1993, Religion, Politics and Power in Northern Nigeria, ya yi bayanin yadda manyan Arewa ke jingina mulkinsu da addini, su bar talaka da yunwarsa da jahilcinsa. Wanda ya karanta shi a Nijar ba zai ji baƙon abu ba. Mu ma mun san ɗan takarar da ba ya tuna hanyar masallacin ƙauye sai kamfen ya matso.

Amma abin da ya fi tsaya mani a rai cikin rayuwarsa aikin sauraren koke ne.

A watan Yuni 1999, makonni kaɗan bayan soja sun miƙa mulki, Obasanjo ya kafa kwamitin binciken cin zarafin ɗan Adam ƙarƙashin alƙali Chukwudifu Oputa. An ba su su duba abin da ya faru tun daga juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 har zuwa 28 ga Mayu 1999. Fada Kukah na cikin mambobin kwamitin. Takardun koke sama da 10,000 sunka zo musu, dubbai daga ciki daga ƙasar Ogoni kawai. Sun zauna a Abuja, Ikko, Fatakwal, Kano da Inugu, ana nunawa a talabijin, mutane na rufe shago su je kallo. Can anka tayar da zancen ɗan jarida Dele Giwa da bam ya kashe cikin ambulan a 1986, da Ken Saro-Wiwa da anka rataye a 1995, da Shehu Musa Ƴar'aduwa da ya mutu a kurkukun Abakaliki a 1997, da Abiola da matarsa Kudirat. Manjo Hamza Al-Mustapha, dogarin Abacha, ya zo ya yi magana. Obasanjo da kansa, yana kan kujerar mulki, ya zo ya amsa tambayoyi.

Ku dubi aikin da kyau. Limami ne, an saba shi ke magana kan mumbari jama'a na saurare. Nan kuwa shi ne zaune yana saurare, wata da watanni. Gwauruwar da anka kashe mijinta, sojan da anka azabtar a ɗakin ƙasa, ɗan kasuwar da anka ƙone wa rumfa, Musulmi da Kirista da wanda ba ya ko ɗaya, kowa ya zo da takardarsa a ba ta lamba, a rubuta suna da rana da wuri. Abin da ya gani can shi ya tattara a littafinsa na 2011, Witness to Justice. Cikin littafin za ka ga mutum ya zo daga nesa, ya san sarai ba za a biya shi ko dala ba, ya san wanda ya cuce shi ba zai kwana gidan kaso ba, amma yana so a ji, a rubuta.

Ƙarshen labarin ba daɗi. Tsofaffin shugabannin soja uku, Buhari da Babangida da Abdulsalami, sunka ƙi zuwa. An tafi kotu. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a Mayu 2002, a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da gwamnati ta fake da shi, rahoton ya shiga aljihun tebur. Har yau gwamnatin Najeriya ba ta fitar da shi a hukumance ba. Sai a Janairu 2005 ƙungiyoyin fararen hula sunka ɗauki kwafinsa sunka watsa a intanet. Wato takardar da gwamnati ta biya kuɗin rubutawa, ƴan ƙungiya irinmu sunka cece ta daga gara. Babu janar ɗin da anka ɗaure saboda ita. Amma yau duk ɗalibin da ke son sanin abin da anka yi wa Ogoni yana da inda zai buɗe ya karanta, kuma babu wanda zai iya ce masa ƙarya ce, ba a yi ba.

Yanzu mu dawo gida. A wannan shekara ta 1999, ranar 9 ga Afrilu, anka harbe shugaba Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin Yamai. Wata guda bayan Najeriya ta buɗe kwamitinta, mu munka jefa ƙuri'a kan kundin tsarin mulkin da ya yi wa masu juyin mulkin 1996 da na 1999 afuwa. Su sun buɗe littafi, an hana su karanta shi. Mu tun kafin a buɗe munka sa kwaɗo. Sai da iyalan Bare sunka kai ƙara kotun CEDEAO kafin a 2015 aka ce a biya su diyya. Wannan fa shugaban ƙasa ne, mai dangi masu ilimi da lauyoyi. To ina ga makiyayin Azawak?

A Mayu 1990 wasu samarin Abzinawa da sunka komo daga Libiya sun kai hari Cintabaradan. Martanin soja ya faɗa kan farar hula, a garin da rugagen kewaye. Mutum nawa sunka mutu? Gwamnatin lokacin ta faɗi adadin da bai kai 100 ba, ƙungiyoyin waje sunka ce ɗaruruwa, ƴan'uwan mamatan sunka ce sun haura 1,000. Wannan tazara ita kanta abin kunya ce. Tsakanin ƙasa da 100 da sama da 1,000 akwai mutane masu suna, masu uwa, masu raƙuma da bashi da alkawarin aure. Babban taron ƙasa da ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ƙarƙashin André Salifou, ya tayar da maganar, an saurari shaidu, an tsare wani kyaftin. A boren soja na Fabrairu 1992 abokan aikinsa sunka fito da shi. Tawaye ya ci gaba har yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, ranar da muke hutu kowace shekara da sunan haɗin kan ƙasa. Ana wasan raƙuma, ana jawabi, ana rawa. Ni dai ban taɓa halartar bikin da anka karanta sunan mamaci ko guda ba.

Sannan 21 ga Maris 2021. Ƴan bindiga bisa babura sunka shiga Intazayan da Bakorat da Wistan cikin ƙasar Tiliya. Gwamnati ta ce mutum 137. An yi makokin kwana uku, an sassauto tuta. Dukkanmu mun sa baƙin hoto a Facebook. Yau ka shiga kowace fada a Tawa ka ce a faɗa maka sunan mutum uku cikin 137 ɗin. Sai dai in akwai ɗan yankin a zaune. Mun riƙe lambar, mutanen sun ɓace mana, alhali matansu da ɗiyansu wasu suna nan cikin garin nan, muna haɗuwa da su bakin famfo da kasuwa.

Ga abin da karatun nan ya sa na fahimta. Mun saba auna mai wa'azi da ƙarfin muryarsa da yawan jama'ar da ke cika filinsa. Wa'azin da ake turo mana a WhatsApp, na Musulmi da na Kirista, galibi gasar murya ce da raddi. Fada Kukah ma ya iya murya, kuma za mu zo kanta. Amma abin da zai saura bayansa shi ne shekarun da ya yi shiru yana rubuta koken mutanen da ba ƴan cocinsa ba. Mai addini yana da abin da ɗan siyasa da ɗan ƙungiya ba su da shi: mutane sun yarda su yi kuka gabansa. Tsohuwar da ba za ta buɗe baki gaban jandarma ko ɗan jarida ba, za ta faɗa wa limamin da ya yi wa mijinta salla. Wagga amana jari ce, kuma a Adar ba mu taɓa amfani da ita don adana tarihin waɗanda anka zalunta ba.

Kada ku ɗauka waliyyi nake kawo muku. Mutumin yana da inda nake ja da shi. Tare da Janar Abdulsalami, wanda ya ƙi amsa kiran kwamitin Oputa, ya jagoranci kwamitin zaman lafiya na ƙasa da ya raka zaɓen 2015. Ranar 14 ga Janairu na shekarar Jonathan da Buhari sun sa hannu a Abuja cewa ba za su tayar da fitina ba, gaban Kofi Annan, kuma a ƙarshen Maris Jonathan ya buga waya ya amsa kaye. Aiki ne babba, ba na raina shi. Kwana biyu kacal bayan wannan sa hannu, ranar 16 da 17 ga Janairu, mu nan Nijar coci-coci ke cin wuta a Damagaram da Yamai saboda zanen wata jaridar Faransa da Kiristocin Nijar ba su da hannu cikinsa, mutum 10 sunka rasa rai. Don haka ba mu da bakin yi wa kowa gori. Sai dai bayan zaɓen, da anka fara zancen binciken dukiyar da ta salwanta zamanin Jonathan, maganganun Fada Kukah sun sa ƴan Najeriya da yawa sun ji kamar yana neman a sassauta wa manya. A 2018 kuma an gan shi tare da Sheikh Ahmad Gumi a Abeokuta wurin sulhunta Obasanjo da Atiku, ana gab da zaɓe. Wanda ya daɗe yana shiga zauren manya, ƙamshin turarensu kan kama rigarsa. Sulhun da ke tsakanin manya biyu sau da yawa talaka ne ke biyan kuɗinsa da shirunsa.

Haka kuma harshensa. A saƙonsa na Kirsimetin 2020 ya zargi Buhari da fifita ƴan yankinsa da addininsa wurin naɗe-naɗe, har ya ce da wani shugaban da ba Musulmin Arewa ba ne ya yi kaɗan daga haka, da tuni an yi juyin mulki. Musulmi da yawa sun ji an haɗa su an yi musu kuɗin goro, kuma ni ma ina ganin akwai wuraren da alƙalaminsa ke zarcewa daga masu mulki ya taɓa jama'ar da ita ma ƴan bindiga ke kashewa a Zamfara da gabashin Sakkwato. Wata ƙungiyar Musulmi a Sakkwato ta ce ya nemi gafara ko ya bar jihar. Abin lura, fadar shugaban da ya soka ita ta fito ta ce yana da ƴancin zama duk inda ya so a ƙasarsa. Bai tafi ba. A Mayu 2022, bayan kashe ɗaliba Deborah Samuel a kwalejin Shehu Shagari, kisan da Sarkin Musulmi ya yi tir da shi, masu zanga-zanga sun taɓa babban cocinsa. Labari ya bazu cewa an ƙone gidansa. Da ya yi shiru, da labarin ya yi masa amfani a idon duniya, ya kuma hura wutar ramuwa a wasu garuruwa. Ofishinsa ya fito ya ce ba a ƙone ba, ya nemi mabiyansa su kwantar da hankali. A Oktoba 2025 kuma, a birnin Rum, ya nemi kada Amurka ta mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da take tuhuma da tauye ƴancin addini, sai ga wasu Kiristoci na ce masa ya sayar da su. Ba na cewa duk wanda ɓangare biyu ke zagi shi ke da gaskiya. Amma wanda ya ƙaryata jita-jitar da ke goyon bayansa a ranar da ake jifar tagoginsa, ana iya ba shi ajiyar littafi.

To mi za mu yi da wannan a Tawa? Ba na jiran a kafa mana kwamitin Oputa. Ba a kafa shi zamanin farar hula ba, ban ga alamarsa yanzu ba, kuma ko an kafa mun ga inda rahoto kan ƙare. Abin da ke hannunmu ya fi haka sauƙi. Jami'ar garinmu tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, wanda ya bi tsofaffin Adar ƙauye ƙauye yana sauraren bakinsu, har ya fitar da tarihin Adar kafin zuwan Nasara a 1975. Da ya jira sai an ba shi izini da kasafin kuɗi, da waɗannan tsofaffi sun tafi da abin da sunka sani. Yanzu kowane ɗayanmu yana yawo da abin ɗaukar murya cikin aljihu, muna ɓata shi kan raddin malamai da bidiyon biki.

Ina kira ga limamanmu na Juma'a da na unguwanni, da malaman zaure, da fastocin ƴan coci-cocin da ke garin nan: ku ne mutane ke kawo wa gawa da kuka. Ku buɗe littafi. Sunan mamaci da na ubansa, garinsu ko rijiyarsu, ranar da abin ya faru, wa ya bari. Da boko, da ajami, da tifinar, duk wanda hannu ya saba. Kada a tambayi ƙabilarsa kafin a rubuta, kada a tambayi wane ɓangare ya kashe shi kafin a rubuta. Bafillacen da anka kashe don an zarge shi, da Ba'abzinen da anka kashe don ya ƙi biyan harajin ƴan bindiga, da Bahaushen da anka tare a hanyar kasuwa, da sojan da ya faɗi a bakin aiki, duk shafi guda. Ranar da littafin ya zama na ƙabila ɗaya ya tashi daga shaida ya koma makami, kuma makamai sun ishe mu.

Mu kuma matasa namu shi ne ƙafa da haƙuri. Masu jin Tamajak da Fillanci da Larabci cikinmu su ne kan gaba, don ba a ba da labarin mutuwar ɗa ta bakin tafinta. Kuma a yi hattara, wannan ba aikin neman a san ka ba ne. Tiliya da Tasara suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, waɗanda sunka yi kisan ba su yi nisa ba, kuma sunan mai ba da shaida in ya fita yana iya zama hukuncin kisa gare shi. Ba a ɗaukar muryar kowa sai da yardarsa. Ba a sa hoton gwauruwa ko maraya a Facebook. Sunan mamaci daban, sunan wanda ya ba da labari daban, ba a ajiye su wuri guda. Wanda ya ce bai shirya magana ba, a sha shayinsa a yi masa godiya a tashi. Ba sai an nufi daji ba, waɗanda sunka gudo suna nan cikin Tawa da Abalak da Cintabaradan, daga nan za a fara. Kwafi uku, hannu uku, ɗaya wurin limamin da iyalan sunka yarda da shi.

A fara da 1990. Jaririn da anka haifa a watan da abin ya faru tuni ya cika shekara 35, waɗanda sunka gani da idonsu suna manya kuwa sun haura 50, kuma kowace damina ana rage su.